Takun Baba Na-Kibiya a Lambun Gayya

Kwanan baya jikana ya goya ni a babur muka je fadamar ƙauyenmu, can bayan Zurgu, domin na daɗe ina cewa ina so in sake taka wurin tun ƙafa ba ta ƙi ba. Tun daga nesa ƙarar injin ban ruwa ta tare ni, wannan na tari a nan, wancan na amsawa a can, kowane a gindin mai shi. Yaron ya ce an yanka fadamar gunduwa-gunduwa, kowa ya ja waya ya kewaye tasa, wasu har da ƙyaure da kwaɗo. Wani bawan Allah ya miƙo mini albasa in taɓa, na ji ta cika hannu, ta fi wadda muka sani girma nesa ba kusa ba. Don haka ba zan ce abin ya lalace ba. Ba na son in zama irin tsohon da komai na yanzu laifi ne a wurinsa. Abin da zan iya cewa kawai shi ne, na tsaya a wurin har rana ta ɗaga, ban ji wani ya kira sunan wani ba. Da na tambayi mai albasar gonar wane ne a gefensa, sai ya ce yana jin wani mutumin birni ne, amma bai san sunansa ba.

A kan hanyar dawowa ne na tuna da Baba Na-Kibiya. Ya kamata in faɗa tun yanzu cewa abin ya daɗe ƙwarai, kuma waɗanda za su gyara mini in na yi kuskure duk sun riga mu gidan gaskiya. Na yi karatu daga baya har na gama kwaleji, na koyar da 'ya'yan mutane shekaru masu yawa, kuma abin da karatun ya ƙara mini shi ne tsoron faɗin abin da ban tabbatar ba. Inda na gani da idona zan ce na gani, inda ji na yi zan ce ji na yi.

A wancan zamani Nasara ba su daɗe da zama a ƙasar Kano ba, kuma yawancinmu ba mu taɓa ganin ko ɗaya ba. Abin da muka sani nasu shi ne malaman awo. Mutane ne irinmu, Hausawa, sai dai da manyan riguna, suna zuwa su taka gonar mutum daga wannan iyaka zuwa waccan, suna tafiya leɓensu na motsi, daga baya sai ka ji harajinka ya sake kama. Tsoronsu ya shiga jinin mutane har ta kai in baƙo ya tsaya ya dubi gona da kyau, sai ka ga mai gonar ya ajiye fartanya. Manya suna yawan ce mana, in an tambaye ka gonar wane ce wannan, ka ce kai ma baƙo ne.

Lambun kuwa an kafa shi ne bayan shekarar yunwa, ina ƙarami. Dattawa suka ga irin mutanen da aka binne da waɗanda suka bar gari ba su dawo ba, suka ce fadamar da ke kwance tun daga kaka har bazara ba za ta ƙara kwana banza ba. Aka yi gayya aka sare ƙaya aka yi shinge guda ɗaya mai ƙofa ɗaya, aka gina rami a gefen rafi inda ruwa ke tsatsowa, aka kafa jigo. Wanda bai san jigo ba, doguwar sanda ce da ake ratayawa tsakanin itatuwa biyu masu gwafa, a gindinta an manna curin yumɓu, a bakinta igiya da ƙatuwar ƙwarya. Ka ja igiyar ƙasa ƙwarya ta nutse, ka saki, nauyin yumɓun ya ɗago maka ita, ka juye a bakin hanyar ruwa. Kowane gida yana da fangalinsa a cikin shingen, wato ɗan fili mai kunya kewaye da ake sakar wa ruwa, amma ramin da jigon da shingen na kowa ne. Har yau in na rufe ido ina jin kukan sandar nan tana gogar gwafa, da ɓulɓul ɗin ƙwarya, da ruwa yana bin hanya yana ɗan raɗa kamar mai jin kunya. Ƙamshin albasa da jiƙaƙƙiyar ƙasa yakan bi mu har gida a jikin riga.

Amfanin wurin ba ya ƙidayuwa, ko da yake lokacin ba mu ɗauke shi wani abu ba. Da rani, sa'ad da ƙauyukan maƙwabta ke kaɗa miya da busasshiyar kuka kaɗai, mu tukunyarmu da ɗanyen ganye, ga yakuwa, ga alayyafo, ga gauta, ga barkono. Samarin da da sai su tafi cin rani suka riƙa zama. Tsofaffin mata waɗanda mazansu suka mutu aka ba su fangali a kusa da ƙofa. Mutum biyu da suka yi faɗa a kan iyakar gona da damina, dole rani ya haɗa su a bakin rami, domin ba yadda za a yi ka ƙi magana da wanda ruwanka zai bi ta gefen albasarsa. A can ake jin wanda ba shi da lafiya, da wanda matarsa ta haihu, da wanda rumbunsa ya kusa kai ƙasa amma kunya ta hana shi faɗa. Irin wannan sai ya tarar an ajiye masa ɗaurin ganye a kan kunyarsa, ba wanda zai ce shi ya ajiye. Amma kada in yi ƙarya in ce zaman lafiya zalla ne. Inda kowa yake ganin kowa, kowa kuma yana da abin faɗa a kan kowa.

Dokar wurin ɗaya ce babba, kuma kawuna, wanda muke kira Sarkin Lambu, shi ke riƙe da ita. Ana ban ruwa ne mutum biyu-biyu. Ɗaya yana kan jigo yana ɗiba, ɗaya yana bin ruwan da 'yar fartanya, yana buɗe bakin wannan fangali, in ya sha ya toshe da laka ya buɗe na gaba. In hantsi ya yi sai su yi musanya, mai ɗiba ya koma tare ruwa, mai tarewa ya hau jigo. Wanda ya kasa yin aikinsa, kuma ba shi da ɗa ko ƙane da zai tsaya masa, to fangalinsa ya koma hannun gayya a ba wani. Tsofaffin matan nan ma jikoki ke tsaya musu. Kawu yakan ce shi bai ƙi tausayi ba, amma ranar da aka bar mutum ɗaya ya ci bai ja ba, kashegari rabin gari za su tashi da ciwon baya.

Baba Na-Kibiya baƙo ne a cikinmu. Daga wajen Kibiya ya zo bayan yunwar, shi kaɗai, an ce iyalinsa duk sun tafi a cikinta. Mai gari ya ba shi ɗaki a gefen gari, amma gonar tudu ba ta samu ba, domin duk mai kyau tana da mai ita. Fangalinsa na lambu shi ne gonarsa, shi ne rumbunsa, shi ne dalilin zamansa a garin. In aka karɓe shi, ba abin da ya rage masa sai ya naɗe tabarma. Dogon mutum ne mai faɗin kafaɗa, ba ya yawan magana, kuma a shekarunsa na farko ba wanda ya kama shi da komai. Da na zama saurayi na isa tsaya wa gidanmu, sai Kawu ya haɗa ni da shi, muka zama abokan ban ruwa.

A ranin da nake ba da labari ne aka fara lura da takunsa. Kullum da safe, in ya shigo ƙofa, ba ya tafiya kamar kowa. Sai ya ɗan tsaya, ya daidaita ƙafa, sannan ya kama hanyar tsakiya a hankali, taku daidai da taku, leɓensa na motsi. In ya kai wata kusurwa ya tsaya, ya juya, ya sake kamawa. Wani lokaci kuma, in mutane sun ragu, sai ya taka wata hanyar da ba ta kai wa fangalinsa ba, ya je ƙarshenta ya dawo. Wanda ya fara faɗa a fili wani ne Tanko, mutum mai kaifin baki wanda malaman awo suka taɓa taka gonarsa, bai kuma huce ba. Ya ce shi ya san wannan tafiya, ya gan ta a gonarsa, riga ce kawai ta bambanta. Lambun nan har lokacin ba a taɓa auna shi ba, kuma kowa ya san ranar da aka auna shi, an sa masa haraji ke nan.

Daga nan sai komai na Baba ya zama shaida. Aka tuna cewa ba ya fara gaishe da mutum sai an yi magana tukuna, aka ce saurare yake yi. Aka tuna yana zuwa kasuwar Kibiya a kai a kai, aka ce wa ya san wanda yake gani a can. Abin da ya fi damun mutane kuwa shi ne ya daina musanya. In hantsi ya yi na zo karɓar igiya, sai ya ce in bar shi, shi jigo ya fi masa daɗi, in ci gaba da tare ruwa. Ni dai daɗi na ji, domin tarewa ta fi sauƙi. Amma Tanko ya ce a ina aka taɓa ganin dattijo ya zaɓi aiki mai nauyi ya bar wa saurayi mai sauƙi, in ba don daga kan tudun jigo ana hango lambun duka ba. Wani ya ce ai ko yunwar da ya ce ta cinye iyalinsa, wa ya je ya gani. Mutanen da suka sha ruwan da ya ɗebo shekara da shekaru suka fara yin shiru in ya matso.

Kawu ya kira ni gefe ya ce in sa ido, tunda ni ke tare da shi. Na sa, kuma duk abin da na gani na faɗa. Na ce gaskiya yana taku, kuma gaskiya leɓensa na motsi, amma wataƙila tasbihi yake yi. Na ce a kasuwa ban ga ya keɓe da kowa ba, sai dai ban iya cewa na ga duk abin da ya yi ba. Na ce wataƙila akwai wani abu, wataƙila kuma babu. Tanko ya yi dariya ya ce an aiki Malam Wataƙila ya dawo da kayansa, sunan kuwa ya bi ni har na bar garin. Bayan wannan sai na lura ni ma an fara sauke murya in na iso. An ce Baba yana ba ni gauta daga fangalinsa, kuma wanda ake ba gauta bakinsa ba ya buɗuwa sosai. Gautar kam yana ba ni, wannan gaskiya ne.

Ni kaina ban tsira daga zargin ba. Na kan tsaya da fartanya a hannu in dube shi a kan jigo, fuskarsa tana fuskantar lambun, in ce a raina me mutumin nan yake kallo haka ba ƙiftawa. Ranar da za mu kasuwar Kibiya da albasa, ya ce in ja jaki a gaba, shi kuma ya dafa mangala muka tafi, bai ɗauke hannu ba har muka isa. Na ɗauka kayan yake tsaro kada su zame. Da muka zo tsallake wani kwazazzabo ya ce in riƙa faɗa masa in jakin zai gangara, wai gwiwarsa ce ke damunsa. Duk wannan na gani, amma kaina ya riga ya cika da malaman awo, babu wurin wani tunani.

Ashe ranar nan da muke kasuwa, an shirya abin da ba a gaya mini ba. Dabarar Tanko ce, kuma in an bi ta a hankali ba ta rasa ma'ana. Ya ce in mutumin nan ya riga ya kai awonsa, to a sake wa lambun kama, yadda in malaman suka zo za su tarar abin da aka gaya musu bai dace da abin da ke ƙasa ba, su ɗauke shi maƙaryaci. Dama ruwan tsohon ramin ya fara ja baya, ana ta maganar gina sabo. Sai aka yi gayya ta yini guda, aka ja shingen yamma ciki, aka karkatar da hanyar tsakiya, aka gina sabon rami a daidai inda tsohuwar hanyar ta ratsa, aka ciro jigon aka kafa a kansa. An ce Kawu bai so ba da farko, amma ya ce tunda ramin dole ne a gina shi, kuma ba a taɓa fangalin kowa ba, ba zai hana ba.

Kashegari na iso hantsi bai yi ba amma gari ya waye sarai, rana ta fito. Na tarar da maza zaune a kan tudun tsohon ramin, ba wanda ke aiki, abin da ban taɓa gani ba. Jira suke su ga fuskar Baba in ya tarar awonsa ya ɓaci. Ina tsaye ina ƙoƙarin gane yadda wurin ya koma, sai ga shi ya shigo. Ya yi sallama aka amsa masa ƙasa-ƙasa. Ya tsaya, ya daidaita ƙafa kamar kullum, ya kama taku. Bai bi sabuwar hanyar ba. Ya miƙe sak inda tsohuwar take, ya taka laka, ya ɗan yi turus kamar mai mamaki, ya ci gaba. Ga ramin a gabansa baki buɗe, ga jigo tsaye a kansa wanda ko daga bakin gari ana hangowa. Kowa ya ɗauka zai je baki ne ya tsaya ya leƙa. Ni ma haka na ɗauka. Sai da na ga ya ɗaga ƙafa ya ajiye ta a kan iska na kira shi, amma kiran ya makara.

Ramin bai kai a mutu a ciki ba, ruwan iya ƙugu ne, amma ya bugu a kafaɗa da gwiwa. Muka ruga muka kewaye bakin. Yana tsaye a cikin ruwa, hularsa na yawo a gefensa, yana shafa bangon ramin da tafin hannu. Bai yi ihu ba, bai zagi kowa ba. Ya ɗaga kai sama, ba daidai inda muke ba, ya ce, "Shekaranjiya nan hanya ce."

 Kawu ya durƙusa a bakin ramin ya ce, "Na-Kibiya, ba ka ga ramin ba?"

 Baba ya ce, "Sarkin Lambu, na daɗe ban ga rami ba. Ina ganin haske, ina ganin duhu. Kai ma da muryarka na san ka."

Aka zura masa igiyar jigo, muka jawo shi, aka zaunar da shi a kan kunya. A nan ya faɗi sauran, kansa a sunkuye. Idon ya fara dushewa ne a hankali, kamar hayaƙi na shiga ɗaki. Da ya ga inda abin ya nufa, sai ya fara haddace lambun da ƙafa tun yana iya ganin kaɗan, daga ƙofa zuwa jigo, daga jigo zuwa fangalinsa, da sauran hanyoyin ko da wata rana za a aike shi. Tare ruwa ne ya gagare shi, domin sai da ido ake sanin fangali ya ƙoshi, shi ya sa ya riƙe igiya ya ƙi saki. Kawu ya tambaye shi me ya hana shi faɗa. Ya ce ya san doka, ba shi da ɗa, ba shi da ƙane, kuma ya san inda makaho yake ƙarewa, birni ne a bi ƙofa-ƙofa da sanda. Ya ce, "Ni manomi ne, ban iya roƙo ba. In za ku karɓe, ku bari in cire albasar nan tukuna."

Wanda bai san mutanenmu ba zai ɗauka a nan zargi ya mutu. Bai mutu ba. Tanko ya ce shi ya taɓa ganin mutum ya faɗa rijiya da gangan don ya kuɓuta daga shari'a, kuma wanda aka koya wa awo ai an koya masa dabara. Yana cikin magana ya ciri albasa ya jefa wa Baba ba zato. Ta same shi a ƙirji, bai ko ɗaga hannu ba sai bayan ta faɗi. Wata tsohuwa da muke kira Gwaggo, mai fangali a bakin ƙofa, ta ce wa Tanko in ya gama gwajin ya biya albasar, domin daga nata ya cira. Aka ɗan yi dariya, amma maganar ba ta ƙare ba. Wasu suka ce to, ko da makantar gaskiya ce, doka fa? Ya ɓoye wa gayya abu, ya bar saurayi yana yi masa rabin aikinsa ba da saninsa ba. In aka bar shi, gobe wani zai ce kunnensa ne. Wasu kuma suka ce mutumin da ya iya ɓoye makanta tsawon wannan lokaci, me kuma bai iya ɓoyewa ba.

Kawu ya bar su suka yi ta yi, sannan ya juyo gare ni a gaban kowa. Ya ce ni ne abokin aikinsa, ni ne a ƙarshen ruwa, in faɗa wa jama'a abu ɗaya: tun da aka haɗa mu, ruwa ya taɓa yankewa a hannun mutumin nan? Tanko ya ce a gyara zama, za a sha wataƙila. Na duba cikin kaina da gaske, domin na san abin da ke rataye a kan amsar, na nemi ko safiya ɗaya da na tsaya jiran ruwa ban samu ba. Na ce, "Bai taɓa ba, Kawu." Ya ce in ƙara tunani. Na ce, "Na yi. Bai taɓa ba. Kuma ni ban gaji da tarewa ba."

Ina jin a duk rayuwata ba a fi a ƙirga a yatsu ba lokutan da na yi magana haka babu ƙofar fita a bayanta. Kawu ya ce to dokar cewa ta yi wanda ya kasa aikinsa, ba wanda ya kasa musanya ba, kuma shi bai ga aikin da aka kasa ba. Fangali na Na-Kibiya ne, jigo nasa ne duk ranar da layinsa ya zo, wanda aka haɗa shi da shi ya tare ruwa. Ya kuma ƙara wata doka wadda ta daɗe bayan shi kansa ya rasu: daga ranar, ba mai kawar da komai a cikin shinge, ko tulu ne ko fartanya, sai ya ɗaga murya ya faɗa. Da yamma Kawu da kansa ya kama hannun Baba ya bi da shi sabuwar hanya, suka je suka dawo, suka sake zuwa, har ƙafarsa ta riƙe. Shekaru bayan haka baƙo in ya shigo lambunmu yakan yi mamaki ya ji ƙato ya daka kira wai ya matsar da kwando, kowa kuma ya amsa masa da to.

Malaman awo kuwa sun zo, rani na gaba. Suka taka lambun daga shinge zuwa shinge, aka sa masa abin da aka sa. Tanko ya bi gida-gida yana cewa ga shi nan, ai ya faɗa. Gwaggo ta ce masa duk ƙasar nan ta bushe ƙurmus, wuri ɗaya ne kore shar, ana hango shi daga kan dutse, wane mahaukaci ne yake bukatar makaho ya nuna masa. Duk da haka Tanko har ya mutu in an ambaci zancen sai ya ce shi bai ce shi ne ba, bai kuma ce ba shi ne ba. Ni ban yarda da shi ba, amma ba ni da wata hujja da ta wuce abin da na faɗa. Abin da na sani shi ne, da aka ɗauke ni zuwa makaranta a Kano, gemu ya fara tsiro mini, Gwaggo ce ta ce a haɗa ta da Baba, ita tana da ido babu hannu, shi yana da hannu babu ido, jikanta ya huta. Haka suka yi ta yi suna faɗa da juna a kan ruwa ya yi yawa ko ya yi kaɗan, har Allah ya karɓi ran Baba a garinmu, aka binne shi a cikinmu. An ce Tanko na cikin waɗanda suka ɗauki makara, amma wannan ji na yi.

Na sha juya abin a raina. Mutanen nan sun zalunce shi da zato, ba shakka, kuma saura kaɗan dabararsu ta karya shi. Amma idon da ya zarge shi, shi ne idon da ya san yadda yake taku, ya san ba ya fara gaisuwa, ya san ya daina musanya. Kuma da ya faɗa ramin, akwai hannuwa a bakin ramin. Ban san yadda ake samun na biyun ba tare da na farkon ba. Wataƙila ana samu, ni dai ban gani ba.

Yanzu ni ma hayaƙin ya fara shigo mini. Likita ya ce yanar ido ce, a jira ta nuna kafin a taɓa, ni kuwa ban gaya wa kowa iyakar inda ya kai ba, ko jikan nan nawa. Tun bara nake haddace hanyar masallaci, daga ƙofar gida zuwa bakin kwata, daga kwata zuwa turken wuta, daga nan in juya dama. Ina tafiya a hankali, taku daidai da taku, kuma na san leɓena na motsi, domin na kama kaina ina yi. Ina wuce masu shago da masu babur da maƙwabta a kan benci, safe da yamma, a gaban kowa. Har yau babu wanda ya zarge ni da komai.